Askar da Kamal Ya Ƙona

Ni Kaltume ɗiyar Is'haƙa wanzami, ban yi lakkol ba, wato boko, ban san baƙin nasara ko guda ba, amma in an cuci ƙarfe na sani. Kuma an cuci nawa da rana tsaka cikin kasuwar Kore Mairuwa, mutane na kallo, wasu har suna yabon aikin.

Askar babana ce. Daga Kumasi ya zo da ita shekarar da ya tafi cin rani, tun bai auri innata ba. Mai naɗewa ce, ƙotarta ƙaho, da wani rubutu a jikinta wanda duk masu ilimin garin nan sunka kasa gaya mani abin da ya ce. Duk ɗan da anka haifa gidanmu, ranar suna da ita ake ɗauke mishi gashin da ya zo da shi duniya. Ni da ita anka aske ni. Ɗiyana bakwai da ita. Da baba ya rasu, ƙannena maza da ya kamata su rataya zabira, ɗaya na Kwatano shina saida taya, ɗaya ya shige Legas ko gaisuwa ba ya aikowa. Sai askar ta faɗo hannuna. Na shafe ta da mai, na naɗe cikin tsumma, na sa ƙasan adaka. In an haihu in fiddo, tsoho Saminu ya wasa ta ya yi aski ya maido mani. Shekara tara ke nan rabon da a haihu gidan, shi kuma Saminu ya bi baba.

Sai ga shi Allah ya sauki Nusaiba, matar Rabilu, ta haifi namiji bayan mun gaji da jira. Rabilu ɗana ne na huɗu, shi ya sa nike iya kama sunanshi, kuma yau zan kama shi da kyau. Ina bayan ɗaki ina hura wutar ruwan wankan jego, shi kuwa ya buɗe mani adaka. Wai ya ga ɗigon tsatsa a askar, wai shina so ya hutar da ni. Mutumin da ya shekara goma ƙarfe bai taɓa haɓarshi ba, shi ne ya zama masanin aska. Ya ɗauka ya kai wa abokinshi Kamal, mai injin washi na bakin kasuwa, wanda ke wasa gatura da hauyoyin noma da wuƙaƙen mahauta.

Ya dawo shina murmushi, ya miƙo mani cikin leda.

"Inna, na gyara miki ita."

Na buɗe. Bakin askar ya yi shuɗi kamar wuyan zabo. Giɓi uku a jere, kamar bakina. Na dubi askar, na dubi abin da na haifa.

"Sannu da aiki," na ce. "Allah ya yi maka albarka. Saura ka kai ni nima a goge mani tsufa."

"Inna, sunna ita ce a aske. Ba a ce sai da askar kaka ba."

"To ai da ka bar ta inda take, malam. Wa ya aike ka?"

Kwana shidda ya rage suna. Na ja mayafi na nufi kasuwa.

Na iske Kamal cikin ƙara da tartsatsi, ya sa wani baƙin tabarau, shina danna gatari ga dutsen da ke juyawa da kuran, wutar lantarki. Sai da na buga mishi sandata a tebur ya kashe injin.

"Kai ne Kamal?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ban je Makka ba, kada ka kai ni inda ban je ba. Mi wagga ta yi maka?"

Ya karɓa, ya juya ta, ya taɓa da babban yatsa. "Inna, ai ta yi kaifi. Taɓa ki ji."

"Gatari ma shina da kaifi. Kawo kanka."

Mahautan da ke jiran wuƙaƙensu sunka kwashe da dariya. Shi kuwa ya gyara tsayuwa ya ce injin nan daga waje ya zo, babu irinshi daga nan har Dogon Dutsi. Na ce ita ma askar daga waje ta zo, kuma ta girmi ubanshi. Abu guda na nema, ya buɗe baki gaban mutane ya ce, na ɓata. Ya ƙi. Ya ce shi aiki anka kawo mishi ya yi, ƙarfen ne tsoho. Ya tada injinshi ya rufe mani baki da ƙara.

To, wanzamai na da sarki. Na tafi wurinshi.

Ma'azu ke riƙe da sarautar aska. Yaron babana ne, hannun baba ya koyi aski, tuwon da na tuƙa ya ci har ya yi wuyan da shike naɗa ma rawani ranar salla. Na iske shi gindin iccen bedi shina kallon 'yan dara, akwatinshi cike da reza cikin takarda da injin aski na batir.

"Yaya Kaltume, lafiya da rana haka?"

"Ƙara na kawo, Sarki. In har yanzu ana kawowa."

Na miƙa mishi. Ya gane ta tun ban sake ba, na gani a idonshi. Ya ɗaga ta ga rana, ya daɗe, sannan ya girgiza kai kamar mai gaisuwar mutuwa.

"Wuta ta shiga ƙarfen. Aska ta mutu, Yaya. Sai haƙuri."

"Haƙurin na gida, na baro shi cikin adaka. Abu biyu nike so. A kira Kamal ya amsa laifinshi, kai kuma ka wasa mani ita kafin suna."

Na farko, wai Kamal ba wanzami ba ne, ba shi ƙarƙashinshi. Na biyu, sai ya fara sosa ƙeya. Wai yanzu reza ake yayi, kowa da tashi, likitoci sunka ce haka saboda cuta.

"Likitoci sun yi gaskiya. Su ne kuma sunka ce ka manta sana'arka? Ina dutsenka?"

Ba shi da dutse. Sarkin Aska guda, ba shi da dutsen washi. 'Yan dara sunka daina dara. Na ce to madalla, tunda garin ba maza, ni zan wasa ta. Nan ne kunya ta sa shi ya yi dariya mai ƙarfi, ya dubi mutane don su taya shi.

"Mace da washin aska? Yaya, in wagga aska ta sake cin gashi, ni Ma'azu in zauna gaban jama'a ki aske ni da hannunki."

"Kun ji?" na ce ma 'yan dara.

Sunka ce sun ji. Har wani ya ce shi ya ji sau biyu.

Dutsen baba na nan. Na neme shi gidan duka, ƙarshe na iske shi butik ɗin Rabilu, shagonshi, an tokare ƙofa da shi don kada iska ta rufe. Dutsen da baba ba ya bari ko inuwarmu ta faɗa mishi. Na duƙa na ɗauka, ƙofar ta bugo Rabilu a kafaɗa, ban ce mishi sannu ba.

Ranar farko na zauna bayan ɗaki na yi abin da na iya. Shekara sittin ina wasa wuƙar miya, na ce ƙarfe ai ƙarfe ne. Na ɗaga bayan askar, na kafa bakinta ga dutse, na yi ta gogawa gaba da baya da ƙarfina. Da la'asar ta yanka albasa kamar ba ta taɓa ba. Na ji daɗi. Na jiƙa hannuna na ɗora ta ga ɗan gashin da ya rage mani. Ta fizge shi daga saiwa har hawaye ya zubo mani. Wato na yi aikin Kamal, sai dai ni ban sa tabarau ba.

Ban gaya ma kowa ba. Na ce ma Nusaiba hayaƙi ne.

Wanshekare da hantsi ina juya ta ina zaginta, ina zagin Kamal, ina zagin Rabilu, sai rana ta haska mani bayanta. Gadon bayan askar, wurin da ba ya yanka komi, ya cinye ta gefe biyu, ya yi sumul shina ƙyalli. Injin Kamal bai taɓa wurin ba. Mi ya ci shi? Na daɗe ina kallo. Sai na ga hannun baba.

Ina yarinya ni ke riƙe mishi buta in zai yi washi. Ba a bari in taɓa aska, wai mace ce ni, amma an yarda in tsuguna ƙafata ta yi sanyi ina ɗiga ruwa. Kalmarshi biyu ce, ɗiga, da isa. Idona bai koyi komi ba don ba a ce in duba ba. Amma na tuna bai taɓa ɗaga bayanta ba. Kwantar da ita shike, baki da baya duka bisa dutse, kamar mai shimfiɗa jariri. Shekara arba'in bayanta na shafar dutse, shi ya cinye. Kuma ƙarar ba irin tawa ba ce ta jiya, mai kama da kaza na tonon tsakuwa. Tashi ƙarar siririya ce, kamar ana zuba gero cikin ƙwarya daga nesa.

Na kwantar da ita. Na ɗiga ruwa. Na tura, baki na gaba, ba dannawa. Da na kai ƙarshen dutse na mirgina ta bisa bayanta na dawo. Sau goma, sau ashirin, sai kunnena ya ce, yawwa. Na ce, to Is'haƙa, kun hana ni taɓawa, kun manta ba ku toshe mani kunne ba.

Sai dai gane hanya daban, isa daban. Duk shuɗin nan da wuta ta kashe sai ya tafi, giɓin nan uku sai sun ɓace, kuma dutsen baba ba ya gaggawa. Kwana biyu cur ina abu guda. Ruwa ya yi baƙi in wanke, in ɗiga sabo. Yatsuna sunka ƙage, bayana ya riƙe. Matan da ke zuwa barka su leƙo su ce, Kaltume, an ce kin zama wanzamiya? In ce i, ki turo mijinki. Rabilu ya zo ya tsaya kaina da fakitin reza, wai in huta, wai kada in ja ma kaina ciwo.

"Ka damu da lafiyata?"

"Ƙwarai, Inna."

"To cire santir ɗin wandonka ka ba ni."

Fatar da baba ke gama washi da ita gara ta cinye tun tuni, shi kuwa Rabilu shina da santir na fatar ƙwarai da shike taƙama da shi. Ya cire shina riƙe da wando, ya tafi shina gunaguni. Na ɗaure bakin santir ɗin ga turmi, na ja, na tura askar yadda nike turawa ga dutse. Ta shige cikin fatar, ta fiddo tsoka guda kamar mahauci. Ban ji ciwo ƙwarai ba, tunda ba nawa ba ne. Amma na koyi abu. Bisa dutse baki ke gaba, bisa fata baya ke gaba, ja ake yi. Na koma dutse na gyara ɓarnar da na yi ma bakin, na dawo ga abin da ya rage na santir, na ja ta a hankali har ta fara wata ƙara kamar ana yage sabon ƙyalle.

Ranar jajibirin suna Nusaiba ta kira ni ɗaka. Ita ta yi lakkol, kuma ba ta da wauta, abin da ba kullum ake samu tare ba.

"Inna, ban hana ba. Amma kan ɗana ne. Sai an tafasa ta an goge da alkol irin na likita. Kuma in ta ja gashi ko guda, reza za a sa."

Na so in yi faɗa, na duba ban ga inda zan kama ba. Na fita lambun bayan gida na tsinko ɗanyar kuɓewa, ƙarama, mai gashin nan da ke sa hannu ƙaiƙayi. Fatarta ko farce ya taɓa sai ta yi yauƙi. Na zauna bakin gadon, na kwantar da askar, na ja daga kai zuwa wutsiya. Gashin ya taru bisa ƙarfe kamar gari. Na juya, na ja, na juya, na ja. Na miƙa mata. Ta shafa ga kumatunta, ta duba ga haske, ba ƙwarzane, ba yauƙi.

"Inna, wa ya koya miki?"

"Buta," na ce.

Safiyar suna maza sunka cika ƙofar gida bisa tabarmi. Anka yi addu'a, anka raɗa ma yaro Huzaifa, sunan da sai na huta tsakiya kafin in ƙarasa, anka yanka rago, goro na zagayawa. Ma'azu ya zo da babbar riga da hula, ya buɗe akwati shina ɓare reza daga takarda. Kamal na nan gefen Rabilu shina cin dabino kamar mutumin kirki.

Ni kuwa na tsoma bakin askar cikin tafasasshen ruwa ina riƙe da ƙota don kada ƙahon ya lanƙwashe, Nusaiba ta goge da alkol da hannunta. Na ɗora bisa faranti da sabulu da ƙoƙon ruwa, na fita cikin maza.

"Inna, nan fa wurin maza ne," in ji Rabilu.

"Na gani. Ɗaya nike nema. Sarki, cire hula."

Ma'azu ya yi dariya. Ba wanda ya taya shi, don 'yan dara uku na cikin taron, kuma tun jiya sunka gama baza zancen. Ya ce ai wasa ne. Na ce ban san shi da wasa ba, sarki ne. Ya dubi liman, liman ya ce shi bai ga haramci ga yaya ta aske ma ƙanen da ta rena kai ba, amma dai alkawari an ce a cika. Ya ce to a fara da jariri mana, rana na yi.

"In ɗora askar da ka ce ta mutu bisa kan maigidana na kwana bakwai ban gwada ba? A'a. Sai na gwada ga kan da ko an yanka ba a yi asara da yawa ba."

Ya cire hula. Furfura ce cunkus, ta kwana biyu ba ta ga aski ba, kan Sarkin Aska ke nan. Na jiƙa, na shafa sabulu. Zufa na bin wuyanshi. Gaskiya nima sai da na yi hattara, don kuɓewa ba ta numfashi. Na dafa goshinshi da hagu, na ja fatar, na kwantar da askar kamar bisa dutse, na tafi da ita daga goshi har tsakar kai. Ba ta yi ƙara ba. Gashin ya zubo bisa rigarshi, hanya ta buɗe fes, faɗin yatsa biyu, tana ƙyalli, ba jini ko ɗigo.

Ma'azu ya kai hannu ya shafa hanyar, ya sake shafawa.

"Ta ci?" na ce.

"Ta ci, Yaya."

"Da ƙarfi. Kamal na da ƙarar inji cikin kunne."

"Ta ci!"

Na juya ga Kamal. Dabinon na bakinshi, ya kasa haɗiyewa, ya kasa tofarwa. Mahautan da sunka zo fiɗar rago duk sun zuba mishi ido.

"Inna, na ɓata," ya ce. "A yi haƙuri."

"Yau kwana shidda nike jiran kalma biyun nan. Ashe ba su da nauyi."

Na koma ciki anka sake tafasawa anka sake gogewa. Ƙanwata ta fito da jaririn cikin zane ta zauna bakin zaure. Dama na ja askar ga santir ɗin Rabilu sau bakwai kafin a tsoma ta, shina kallo, wandonshi ɗaure da igiya. Sannan na miƙa ma Ma'azu, ƙota na gaba. Ni washi na koya. Maɗigar jariri ba wurin koyo ba ce, kuma duk lalacewarshi hannun baba ya rene shi.

Ya kai hannu ga hula.

"Bar ta nan. Baba ba ya aski da hula."

Haka ya tsuguna, da hanya tsakar kai, ya tallabi ƙeyar yaron. Da farko yatsunshi na neman inda za su zauna ga ƙotar. Sai sunka samu. Na ga kafaɗarshi ta sauka. Ya bi kan nan a hankali, ya kewaye maɗiga ba tare da ya danna ba, gashin na sauka baƙi lallausa cikin ƙoƙo. Yaron ya yi miƙa, ya yi hamma, bai ko buɗe ido ba. Nusaiba na leƙe ta bayan labule, na ji ta saki numfashi.

Da ya gama ya goge askar ga tafin hannu kamar yadda baba ke yi, ya tsaya shina kallonta. Na karɓe abina tun bai fara tunani ba. Ta rage faɗi, kusan ƙwayar gero guda, kuma wannan ba mai maido mani shi, ko Kamal ya kwana shina cewa ya ɓata. Na naɗe ta cikin tsumma. Makullin adaka yanzu wuyana shike.

Ma'azu ya biyo ni har bakin zaure, hula a hannu, ya rage murya.

"Yaya, ki ƙarasa mani mana. Ya zan shiga gari haka?"

"Aski ka ce, ba ka ce duka ba. Ga Kamal can, shina da inji daga waje."